Yadda Za Ka Rubuta Sharhin Fim Ko Littafi Da Zai Wuce "Ya Yi Ma'ana"

Duk ranar da aka saki sabon kashi na wani shiri mai dogon zango daga Kano, kafin magariba ra'ayoyin mutanen Garwa, a nan arewacin Kamaru, sun cika Facebook. Bi ka karanta: "Gaskiya ya yi ma'ana." "Allah ya ƙara basira." "Wannan ba tarbiyyarmu ba ce." "Sun ci mana data a banza." Kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba ni da ja. Sai dai ko wanda bai kalli shirin ba zai iya rubuta waɗannan kalmomi, kuma za su zauna daram a kan kowane fim da aka taɓa yi, tun daga Turmin Danya na 1990 har zuwa na jiya. Sharhi yana so ka nuna wuri: fitowa kaza, minti kaza, ga abin da aka yi, ga dalilin da ya sa ya kama ni ko ya sake ni. Mai karatu sai ya koma ya duba da idonsa, ya gaskata ka ko ya ƙaryata ka.

Sana'ata gyaran waya, a wani ɗan shago kusa da babbar kasuwa, kuma bencin ƙofar shagon ba ya rabo da masu gardamar fim. Idan mutum ya miƙo min waya ya ce "ta lalace," bai gaya min komai ba. Wanda ya ce "tana ɗaukar caji, amma da ta sauko talatin sai ta mutu," ya riga ya yi min rabin aikin. Irin magana ta biyun nan nake so ka koyi yi a kan fim da littafi.

Fara da kwafin da za ka kalla. Mu a Kamaru sinima ta daɗe da barinmu. Ko a kudu, Abbia ta Yawunde da Wouri ta Duwala an rufe su a Janairun 2009, waɗanda aka buɗe daga baya kuma can kudun suke. Kallonmu a waya ne, galibi kwafin da aka matse don kada ya cinye memori. Irin wannan kwafi yana mayar da fitowar dare baƙi ƙirin, lasifikar waya kuma tana haɗiye ƙananan sautuka ta bar ƙara kawai. Kada ka rubuta cewa mai ɗaukar hoto bai iya haske ba alhali laifin na kwafinka ne. Idan shirin yana YouTube a tashar masu shi, can za ka kalla, ka ɗaga ingancin hoton, ka sa iyafis a kunne biyu. Da iyafis ne za ka ji gurnanin janareto a ƙarƙashin hirar masoya, da inda murya ta sauya saboda an sake naɗa ta a situdiyo. Idan data ba ta kai ba, babu laifi, amma ka bar maganar hoto da sauti, ka tsaya a kan labari da wasa.

Kallo biyu za ka yi. Na farko kamar kowa, da shayinka, ba biro ba takarda. Na biyu da ɗan littafin rubutu a gefe, kuma abin da za ka fi sa wa ido shi ne babban yatsanka. Duk inda ya tafi zai tura fim ɗin gaba, tsaya ka rubuta mintin. Duk inda ka mayar baya don ka sake ji, rubuta. Duk inda ka leƙa WhatsApp ba tare da ka sani ba, rubuta. Yatsa ba ya kara, ba ya kuma jin nauyin jarumin da kake so. Idan ka gama za ka ga lambobi kamar takwas ko goma a takarda. Aikinka na gaba shi ne ka bi kowace ka tambayi kanka me ya faru a nan.

Kafin ka rubuta komai, gwada faɗin labarin a jimla ɗaya: wa yake son me, me ya tare masa hanya. Zan ba ka misali da fim na maƙwabtanmu. Mahamat-Saleh Haroun, ɗan Abeshe a Cadi, ya yi Daratt a 2006, fim ɗin ya samu kyauta ta musamman daga alƙalan bikin fina-finai na Benis a Italiya. Labarinsa: kaka ya ba jikansa bindiga ya je ya kashe mutumin da ya kashe ubansa lokacin yaƙi, yaron ya iske shi yana gasa burodi a Njamena, mutumin kuma ya ɗauke shi yaron shago bai san ko shi wane ne ba. Shi ke nan. Ka ji yadda jimlar take jan mutum, ka kuma lura ban gaya maka ko ya harbe shi ba. Haka za ka yi a sharhinka: ka kai mai karatu bakin ƙofa ka tsaya. Masu kwashe shafi biyu suna ba da labari tun daga haihuwar jaruma har mutuwar kishiyarta sun ɓata wa wanda bai kalla ba, sun gundure wanda ya kalla. Idan kuwa ka yi ta ƙoƙari jimlar ta ƙi haɗuwa, saboda a kashi na biyar gado ake rigima a kai, a na sha biyu an koma asiri, a na ashirin an kawo wani ɗan'uwa daga Dubai da ba a taɓa ambatarsa ba, to ka samu abin rubutawa: labarin ba shi da ƙashin baya, ga kuma inda ya karye.

Yanzu zaɓi abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Sabon mai sharhi yana so ya taɓa komai, labari da waƙa da sutura da kyamara, kowanne layi ɗaya, a ƙarshe ya ba da maki bakwai bisa goma. Ba wanda zai tuna. Ɗauki fitowa guda ka zauna a kanta.

A ce a shirin akwai inda matar ɗa ta dawo daga yaji. Ta shigo tsakar gida ta durƙusa ta gai da surukarta, tsohuwar tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa a faranti. Mai "ya yi ma'ana" zai rubuta: fitowar sulhu ta taɓa zuciya, Allah ya saka. Kai ga irin abin da nake so ka rubuta:

"A minti na 23 tsohuwar ba ta ɗaga kai ba. Ta amsa gaisuwa da 'lafiya' ɗaya tak, hannunta bai bar shinkafa ba. Can sai ta tura farantin gaban yarinyar, ta miƙe ta shige ɗaki. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san an yafe, domin ba a ba baƙo tsinta. Da an yanke a nan, da fitowar ta fi kowace a zangon nan. Amma sai kiɗan fiyano ya taso, kawu ya yi sallama, ya kwashe minti huɗu yana bayanin falalar haƙuri ga mutanen da suka riga suka shirya. Daraktan ya iya nunawa, sai dai bai yarda mun iya gani ba."

Dubi abin da ya shiga ciki. Akwai minti, akwai abin da hannu ya yi, akwai sanin gida wanda kai ka kawo, akwai yabo da suka a wuri ɗaya, kowanne da hujjarsa. Ko daraktan da kansa ya karanta, ba zai ce ƙiyayya ce ba, sai dai ya ce bai yarda ba, ya kawo tasa hujjar.

Wannan ya kawo mu ga ɗora laifi inda ya dace. A bencinmu kullum jaruma ake zagi. Ita ce ba ta da kunya, ita ce ta faɗi baƙar magana ga miji. Alhali maganar marubucin labari ne ya rubuta, darakta ya ce a faɗa da wannan murya, furodusa ya ce a ja kashin ya kai awa guda saboda talla, edita ya bar fitowar da ya kamata ya yanke. Ka jira sunayen da ke wucewa a ƙarshe, ka tsayar da hoton ka kwafe su daidai. Abin da za ka tambayi ɗan wasa shi ne ko ka yarda da shi a rawar da aka ba shi. Idan muguwar uwar miji ta sa ka ji kamar ka jefar da waya, ai ta yi aikinta, yabo ta cancanta. Aurenta da sakinta da hoton da ta sa a Instagram kuwa ba su cikin fim ɗin, don haka ba su cikin sharhinka.

Maganar tarbiyya ba zan ce ka bar ta ba, domin masu karatunmu suna tambaya, uba yana so ya san ko zai bar yara su kalla. Faɗa masa a fili, da wuri da minti, kamar sauran. Amma ka tuna Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, aikinta daban, naka daban. Fim yana iya zama ba rawa ba waƙa, kowa da hijabi har ƙasa, kuma ya kasance an yi shi da kasala. Wani kuma ya nuna mugun hali tsirara don ka tsane shi. Idan iyakar ma'auninka a nuna ko kada a nuna, za ka yabi na farko ka tsine wa na biyu, mai karatu ya bi shawararka ya yi barci a minti na goma. Waƙa ma haka: tsohuwar gardamar kwaikwayon Indiya an gaji da ita. Tambayar da ta fi amfani ita ce, da aka gama waƙar, akwai abin da ya sauya tsakanin mutanen biyu, ko an dakatar da labari ne aka je lambu aka dawo?

Littafi kuwa sai an ƙara haƙuri. Yawancin abin da ƙannenmu mata ke karantawa yanzu a WhatsApp da Wattpad yake zuwa, shafi-shafi, na farko kyauta, saura sai an biya. Mu nan biyan ma aiki ne, tunda da naira ake karɓa, sai ka nemi wani mai asusu a Yola ko Mubi ka ba shi sefa ya tura. Duk da haka ka biya. Kwafin da ake yawo da shi a guruf-guruf sau da yawa da giɓi, an tsallake shafi ko an haɗa na wani littafin, kuma ba kyau ka soki matar da ka karanta guminta ta bayan gida. Sannan ka jira ta kai ƙarshe. Wanda ya yanke hukunci a shafi na goma sha biyar, shafi na sittin zai kunyata shi.

Gwaji biyu nake yi wa kowane littafi. Na farko, a ƙarshen kowane shafi in tambaya me ya sauya. Idan amsar ita ce an yi wanka, an shafa mai, an zaɓi leshi ruwan hoda, an sauko falo na uku an tarar da abinci kala bakwai, to ba abin da ya sauya, an cika shafi ne don masu jira kada su yi ƙorafi. Ƙirga irin waɗannan, ka faɗi adadinsu a sharhi, ka kawo guda ɗaya a matsayin shaida. Na biyu, in rufe sunayen masu magana da yatsa in karanta hirar kawai. Idan na kasa bambance Hajiya da 'yar aikinta, ko likita da direbansa, marubuciyar ce ke magana da bakin kowa. Inda kuwa ka gane mai magana tun kafin ka ɗaga yatsa, kwafo layin nan ka nuna wa mutane, domin wannan baiwa ce, kuma ba kasafai ake yaba ta ba.

Ka guji hukuncin kuɗin goro. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka yi doguwar muhawara a jaridar New Nigerian a kan littattafan soyayya, tsakanin irin su Ibrahim Malumfashi, wanda ya raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu. Manya sun riga sun yi wannan faɗan na jimla. Kai da ka zo yau ka ce "littattafan zamani duk batsa ne" ko "duk suna faɗakarwa," ba ka ƙara komai ba. Kama ɗaya, da sunansa da sunan mai shi.

Akwai kuma abin da kai ɗan Garwa ko Marwa ko Kusseri kake da shi wanda mai sharhi a Kano ba shi da shi, kuma ina mamakin yadda muke ɓoye shi muna kwaikwayon bakin wasu. Sau nawa aka kawo mana Bafulatana a fim, da ƙwarya a kai, tana wani yare da ba Fulatanci ba ba Hausa ba? Mu da muke ciniki da Fulatanci tun safe har dare, mu ne za mu ce jimlar nan ba haka ake faɗinta ba, kuma matar da ta fito daga ruga ba ta gai da babba a tsaye. Sau nawa marubuciya ta tura jaruminta "Kamaru" ya sauka a wani gari mara suna, kowa na Turancin Ingilishi? Haka nan littafin da rabin hirarsa Ingilishi ne, mu da muka yi bokon Faransanci tsallakewa muke yi, kuma ya kamata marubuciyar ta ji cewa tana da masu karatu a gabashin iyaka da take rufe wa ƙofa. Ta ɗaya gefen, Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ce, littafinta Les Impatientes ya ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020, mata uku ne ke ba da labarin aurensu kowace da bakinta. Da Faransanci aka rubuta shi. Wanda ya karanta shi, ya kuma san zauren gidajen Marwa da idonsa, idan ya zauna ya rubuta da Hausa inda littafin ya faɗi gaskiya da inda yake ganin an ƙara gishiri, ya ba mai karatu a Zariya abin da ba zai samu a wajen kowa ba.

Idan rubutun na shafinka ne, kalma ɗari huɗu zuwa ɗari shida sun isa, domin a waya za a karanta, wataƙila a tsaye. Idan mujalla ko jarida kake nufi, sai an ƙara shiri. Rubutu a kan fim ɗin Hausa yana da tarihinsa: Sunusi Shehu Daneji ya fito da Tauraruwa a Kano a 1998, Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim a 1999. Nemi abin da mujallar da kake so ta buga kwanan nan, ka ga tsawon da suke ɗauka da irin kanun da suke sa wa, kada ka aika musu shafi goma. Sakin layi na farko ya ɗauki sunan fim, darakta, shekara, inda ake samunsa, da hukuncinka. Dogon salati da gaisuwa ga ɗaukacin ma'abota wannan mujalla mai farin jini, edita zai yanke su, gara ka yanke da kanka. A ƙasa ka sa sunanka da garinku. "Daga Garwa, Kamaru" yana sa edita ya sake duba takarda, don ba kullum yake samun irinta ba.

Sai rubutun kansa, inda mu 'yan bokon Faransanci muke da tabo. Hannunmu ya saba da "ou" da "ch" da "tch" da "dj," sai ka ga an rubuta "tchikin" a maimakon "cikin," "chi" a maimakon "shi," "koudi" a maimakon "kuɗi." A hira tsakaninmu ba komai, amma edita a Kaduna ba zai zauna yana gyara maka kowane layi ba, zai ajiye ya ɗauki na wani. Shiga saitin Gboard ka ƙara Hausa, za ka samu ƙ da ɗ da ɓ. Idan ka gama, karanta da ƙarfi ga wani wanda bai kalli fim ɗin ba. Inda ya ce "wace ce ita kuma?" to ka tsallake wani bayani ke nan. Inda ya fara duba wayarsa, to ka yi tsawo ke nan.

Shiri mai dogon zango kada ka bi shi kashi-kashi da sharhi, za ka ƙare kana maimaita kanka kamar yadda shirin ke yi. Bari zango ya cika, ka haɗa lambobin da ka tara, ka rubuta guda ɗaya mai nauyi.

Idan rubutunka ya fara zagayawa, saƙo zai shigo. Masoyan jarumi za su zo da zagi, waɗannan ba sai ka amsa ba. Wanda ya fi wuya shi ne mai ladabi: "Ranka ya daɗe, mun ga aikinka, turo lamba a sa maka na data, ga sabon shirinmu yana fitowa ranar Juma'a." Kuɗin ba su da yawa, jaka biyu ko uku, kuma mutumin ba mugu ba ne, tallar hajarsa yake. Ni dai ina godiya, in ce a turo min shirin in kalla, lambar kuwa a bar ta. Idan ka ga ba za ka iya mayarwa ba, karɓi, amma ka rubuta a saman abin da za ka buga cewa talla ce, ka kuma bar wannan shirin wani ya yi masa sharhi.